Tsohuwar Kwamfuta Ba Ta Mutu Ba: Yadda Ake Ɗora Mata Babbar Manhaja Mara Nauyi

Abin da zan yi bayani a kai a littafinmu na bana shi ne tsohuwar kwamfutar cinya, da yadda za a mayar da ita bakin aiki ba tare da an kashe kuɗi masu yawa ba.

A gidaje da dama a nan Garwa, daga Hausare zuwa Fulbere, daga Yelwa zuwa Pumpumre, akwai irin wannan kwamfuta ajiye cikin akwati ko a saman sif, ƙura ta rufe ta. Wata an saye ta ne ta hannu a shagon gwanjo, cikin kayan da ke shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Duwala ko ta iyakar Najeriya. Wata kuma ta wani yaya ce da ya gama jami'a ya bar ta a gida. In ka tambayi dalili, amsar kusan ɗaya ce: ta yi nauyi, in an kunna ta sai an daɗe ana jira, ko kuma birus ya cinye ta. Sau da yawa ƙarfen da kansa lafiyarsa lau. Kayan da aka ɗora mata ne suka fi ƙarfinta. Jakin da ya durƙushe ƙarƙashin buhu huɗu, in an rage masa zuwa biyu zai tashi ya kai kasuwa.

Abubuwa huɗu da ya kamata a fara sani

Kafin a taɓa komai, ya kamata mu san sassan da maganar ta shafa. Zan kwatanta su da abin da muka saba da shi a makaranta.

Na farko shi ne firosesa. Ita ce ke yin lissafi da tunani, kamar ɗalibin da ke zaune yana karatu. Na biyu shi ne RAM, wanda ya yi kama da allo: a kansa ake rubuta darasin da ake karantawa yanzu, kuma da an kashe kwamfuta sai ya goge, kamar yadda ake wanke allo. In allo ƙarami ne, dole a yi ta wankewa ana sake rubutu, karatu ya yi ta tafiyar hawainiya. Na uku shi ne faifan ajiya, wato diski. Shi ne gafaka ko akwatin littattafai, abin da aka sa a ciki yana nan ko an kashe wuta. Ana auna girman RAM da na faifai da giga.

Na huɗu ita ce babbar manhaja, wadda masu gyara ke ce wa sistem. Ita ce ke tsara komai: ta karɓi abin da ka danna, ta buɗe maka takarda, ta haɗa ka da intanet, ta raba wa kowace ƙaramar manhaja wurinta a kan allon. Windows ita ce wadda muka fi sani, amma ba ita kaɗai ba ce. Kuma ita kanta babbar manhaja tana cin nata wuri a RAM tun kafin ka buɗe komai. To, in ta cinye fiye da rabin allon, me ya rage wa ɗalibi?

Me ya sa maganar ta zama ta yanzu?

Kamfanin Microsoft yakan kula da kowace Windows na wasu shekaru, yana aiko da gyare-gyaren tsaro, daga nan ya daina. Ya daina kula da Windows XP a watan Afrilun 2014, Windows 7 kuma a watan Janairun 2020. Ranar 14 ga Oktoba 2025 wa'adin Windows 10 ma ya cika, sai dai an ba wanda ya yi rajista ƙarin shekara guda zuwa Oktoban 2026. Cikar wa'adi ba ya hana kwamfuta tashi. Abin da yake nufi shi ne duk wata kafa da ɓarayin intanet suka gano daga baya, ba mai toshe ta. Kamar gida ne da aka sallami maigadinsa.

Sai a ce to a koma Windows 11, wadda ta fito a 2021. A nan gizo ke saƙar. Windows 11 tana da sharuɗɗa: RAM aƙalla giga 4, faifai aƙalla giga 64, wani sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, da firosesa ta zamani, galibi ƙirar 2017 zuwa sama. Akasarin kwamfutocin gwanjon da ke hannunmu ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba.

Misali mafi kusa da mu shi ne kwamfutocin PB Hev. A 2016 gwamnatin Kamaru ta sanar da cewa shugaban ƙasa Paul Biya zai ba ɗaliban jami'o'i kwamfutoci 500,000, cikin wani shiri na sefa biliyan 75 da aka ranto daga bankin Exim na ƙasar Sin. An fara rabon a ƙarshen 2017, kuma 'yan arewa da ke karatu a jami'ar Ngaundere da ta Marwa suna cikin waɗanda suka samu. A lokacin Garwa ba ta da jami'ar kanta, sai a 2022 aka kafa ta. Waɗannan ƙananan kwamfutoci sun zo da firosesa Intel Atom, RAM giga 2, ajiya giga 32, da Windows 10. Ku gwada da sharuɗɗan da na ambata a sama: ba RAM ɗin, ba ajiyar, babu wanda ya kai. Ke nan Windows 11 ba tasu ba ce. Mai irin wannan kwamfuta yana da zaɓi uku: ya ci gaba da Windows da aka daina kula da ita, ya jefar, ko ya canja mata babbar manhaja.

Jefarwar ma ba ƙaramin abu ba ne. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62, kuma abin da aka tattara aka sake sarrafawa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. A cikin waɗannan kaya akwai dalma da wasu sinadarai masu cutarwa, kuma in aka ƙona su a juji, yaran unguwa ne ke shaƙar hayaƙin. Bayan haka, jefar da abin da zai iya amfani almubazzaranci ne, kuma duk mun san abin da aka koya mana a kansa.

Mece ce Linux?

A 1991 wani ɗalibin jami'ar Helsinki a ƙasar Finlan, mai suna Linus Torvalds, ya fara rubuta zuciyar wata babbar manhaja yana da shekara 21. Aka haɗa aikinsa da na shirin GNU wanda Richard Stallman ya fara a Amurka a 1983, sai aka samu abin da yau ake kira Linux. Lasisinta ya halatta wa kowa ya kwafa, ya raba wa wasu, ya gyara. Wannan muhimmi ne gare mu, domin Windows ɗin da ake ɗora wa mutane a kasuwa sau da yawa ba ta da lasisi, an fasa makullinta ne, kuma ba ka san abin da aka cusa a ciki wajen fasawar ba. Ita Linux, in ka kwafa wa abokinka ba ka ci haƙƙin kowa ba, masu ita ne suka ce a yi hakan.

Kada wani ya ɗauka baƙon abu ne. Duk mai wayar Android yana riƙe da Linux a aljihunsa, don a kanta aka gina Android. Manyan kwamfutoci 500 da suka fi kowanne sauri a duniya ma duk da ita suke aiki.

Tunda kowa na iya gyarawa, sai ta kasu iri-iri, kamar yadda littafi ɗaya kan samu sharhi da yawa. Debian ta fara a 1993. Ubuntu ta fito a 2004 a hannun Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, kuma sunan kalma ce ta Zulu da Kosa mai nufin mutuntaka. A kan waɗannan biyun aka gina mafi yawan waɗanda za su yi mana amfani. Wasu an yi su ne musamman domin tsofaffin na'urori: an cire musu ado da ƙyale-ƙyale don su bar wa mai aiki wuri a RAM.

Wacce za a zaɓa?

Amsar tana ga kwamfutar. A cikin Windows mai Faransanci, a danna linzami ta dama a kan Ce PC, a zaɓi Propriétés. Nan za a ga sunan firosesa, yawan RAM, da kuma ko firosesar mai bit 64 ce ko mai bit 32. A rubuta su a takarda.

In RAM ya kai giga 4, Linux Mint mai fuskar Xfce ta dace. Tsarinta ya yi kama da Windows 7, don haka ba a shan wuya wajen sabawa. Masu ita sun ce tana iya aiki da giga 2 da faifai giga 20, amma ta fi sakewa a giga 4. Mint 22, wadda ta fito a 2024, za a kula da ita har 2029.

In RAM giga 2 ne, a duba Lubuntu, ko Debian mai fuskar LXQt ko Xfce. Akwai kuma Emmabuntüs, wadda wasu masu aikin sa kai suka fara a Faransa a 2011 domin farfaɗo da kwamfutocin da ake bai wa ƙungiyar Emmaüs kyauta. An yi amfani da ita wajen buɗe ɗakunan kwamfuta a makarantun arewacin Togo. Tana zuwa da manhajoji da yawa a ciki, kuma bayananta suna nan da Faransanci, abin da zai sauƙaƙa wa mutanen Kamaru.

In kuwa RAM giga 1 ne ko ƙasa da haka, antiX ce ta fi dacewa. Fuskarta ba ta da ado, kuma sai an ɗan yi haƙuri kafin a saba, amma tana tayar da kwamfutar da kowa ya yanke mata ƙauna.

Sai a lura da mas'alar bit. Akasarin kwamfutocin da aka ƙera daga 2010 zuwa yau masu bit 64 ne. Wasu tsofaffi sosai, da wasu ƙananan da ake ce wa netbuk, masu bit 32 ne. Ubuntu da Lubuntu sun daina fitar da na bit 32 tuntuni, Debian 13 da ta fito a Agustan 2025 ita ma ta daina. Amma antiX tana da shi har yanzu. In aka ɗauko na 64 aka kai wa mai 32, ba za ta tashi ba sam.

Sharuɗɗa kafin a fara

Sharaɗi na farko, izini. In kwamfutar ta baba ce ko ta yaya, a tambaye shi, a kuma gaya masa a fili cewa abin da ke ciki zai goge. Kayan wani amana ne, ko da ya yi shekara uku bai taɓa su ba.

Sharaɗi na biyu, kwafe kaya. Wannan shi ne mafi girma, kuma a nan ne ake asarar da ba ta da magani. Hotunan biki da na suna, takardun makaranta, karatun malamai da aka naɗa, kundin kammala jami'a na yaya, duk a kwafe su zuwa wani faifai ko filas daban. Bayan an kwafe, a kai wata kwamfutar a buɗe wasu a tabbatar sun kwafu da gaske. In aka goge faifai aka ɗora sabuwar manhaja a kai, da wuya a dawo da abin da ya tafi.

Sharaɗi na uku, a san irin aikin da ake so ta yi. Manhajojin da aka rubuta domin Windows ba sa tashi kai tsaye a Linux. Tsohuwar Maktaba Shamila da malamai da yawa ke amfani da ita ta Windows ce. Akwai wata manhaja mai suna Wine da ke iya tayar da wasu manhajojin Windows, amma ba kullum take dacewa ba. Saboda haka in malam ya dogara da irin wannan manhaja a aikinsa na kullum, a gwada tukuna kafin a goge masa komai. Littattafan PDF kuwa da sautin karatu, duk suna buɗewa ba matsala.

Sharaɗi na huɗu, wuta. Wutar arewa ta dogara sosai da madatsar ruwa ta Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda aka gama a 1982, kuma duk mun san yadda ake yawan ɗauke wuta idan ruwa ya ja baya a bazara. Yawancin tsofaffin kwamfutoci batirinsu ya mutu, da an zare caja sai su ɗauke. In wuta ta tafi ana tsakiyar aiki, sai an sake daga farko. A zaɓi lokacin da aka fi samun wuta, ko a je inda ke da sola.

Sharaɗi na biyar, kayan aiki: filas, wanda muka fi sani da kile, mai giga 8 wanda ba kowa a cikinsa, da wata kwamfuta mai aiki, da data. Fayil ɗin Mint ko Lubuntu yana kai giga 2 zuwa 3, na antiX bai kai haka ba. Ba sai kowa ya sauke nasa ba. Mutum ɗaya ya sauke, kile ɗaya zai isa ajinmu duka har da maƙwabta.

Yadda ake yi, mataki-mataki

Mataki na ɗaya: a sauke fayil ɗin da ake kira ISO daga shafin masu manhajar na asali. Kada a karɓa daga wani mahaɗi da aka turo a WhatsApp wanda ba a san tushensa ba.

Mataki na biyu: a rubuta shi a kan kile. Kwafewa kawai kamar yadda ake kwafe hoto ba ya yi. Ana amfani da ƙaramar manhaja kamar Rufus ko balenaEtcher, ita ce za ta shirya kile ɗin yadda kwamfuta za ta iya tashi daga gare shi. Akwai kuma Ventoy, wadda in aka sa ta sau ɗaya, ana iya zuba ISO uku ko huɗu a kile guda, a zaɓi wanda ake so lokacin kunnawa. Duk waɗannan suna goge abin da ke cikin kile ɗin, a kula.

Mataki na uku: a kashe tsohuwar kwamfutar, a soka kile, a kunna, nan take a riƙa danna madannin da ke fito da jerin wuraren tashi. A HP galibi F9 ne ko Esc, a Dell da Lenovo da Acer da Toshiba F12, a Asus kuma Esc. Jeri zai fito, a zaɓi sunan kile ɗin. In ta wuce zuwa Windows, an makara wajen dannawa ne, a sake.

Mataki na huɗu, wanda bai kamata a tsallake ba: gwaji. Linux tana iya aiki daga kan kile ba tare da ta taɓa faifan kwamfutar ba. A wannan hali sai a duba komai a tsanake. Wi-Fi yana ganin hanyoyin sadarwa? Sauti yana fita? Madannai duka suna rubutu? Hasken sikirin yana ƙaruwa yana raguwa? Kyamara fa? A ƙananan na'urori masu firosesa Atom, irin ajin PB Hev, an fi samun matsalar sauti ko Wi-Fi, wasu ma kan ƙi tashi daga kile sai an gwada Ventoy ko Debian. In wani abu ya ƙi, a gwada wata Linux ɗin kafin a yanke hukunci. A tuna kuma cewa daga kile tafiyar ba ta kai saurin da za a samu bayan an girka ba.

Mataki na biyar: girkawa. A danna alamar Installer da ke kan sikirin. Za ta tambayi harshe, a zaɓi Faransanci ko Ingilishi ko Larabci. Za ta tambayi tsarin madannai: in layin farko na haruffa ya fara da AZERTY, na Faransa ne, in ya fara da QWERTY, na Ingila ko Amurka ne. Wajen agogo a zaɓi Duwala. Daga nan sai tambaya mafi nauyi, wato ta faifai: a goge shi duka, ko a ajiye Linux kusa da Windows? In faifan babba ne, ana iya barin su biyun, a riƙa zaɓa lokacin kunnawa. In giga 32 ne kawai, ba zai ɗauki biyu ba, sai dai a goge. A tsaya a nan a sake tambayar kai: an kwafe kaya? In an tabbata, a ci gaba.

Mataki na shida: a sa suna da kalmar sirri. Kalmar sirrin nan za a riƙa neman ta duk lokacin da za a saka sabuwar manhaja ko a canja wani abu mai muhimmanci, don haka a rubuta ta a ajiye a wuri mai aminci. Sai a jira ta gama. In ta ce a cire kile, a cire, a sake kunnawa.

Mataki na bakwai: a haɗa da intanet a yi sabuntawa ta farko. Tana cin data, amma ita ce ke kawo gyare-gyaren tsaron da tun farko muka ce saboda su ake wannan aiki. Bayan haka a riƙa yi lokaci-lokaci.

Amfaninta ga ɗalibin islamiyya

Mu a nan muna rubutu da harsuna huɗu ko biyar: Larabci, Faransanci, Hausa, Fulatanci, wasu har da Ingilishi. Linux ta zo da tsarin madannai na duk waɗannan a cikinta, ba sai an sauke ba. A cikin saitin madannai akwai na Larabci, akwai na Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ, akwai kuma wanda aka yi musamman domin harsunan Kamaru, bisa abacadar bai-ɗaya da aka amince da ita a 1979, mai ɗauke da ɓ, ɗ, ƴ da ŋ da Fulatanci ke buƙata. Ana ƙara su duka, a riƙa sauyawa da dannawa ɗaya. Kun ga an huta da rubuta "kasa" alhali ƙasa ake nufi. In haruffan Larabci ba a zane suke a kan madannai ba, ana iya rubuta su a 'yan ƙananan takardu a manna.

Wajen rubutu akwai LibreOffice, wadda ke yin aikin Word da Excel da PowerPoint, kuma tana buɗe fayilolinsu. A cikin saitin harsunanta ana kunna rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu, sai ta karɓi Larabci da wasullansa. Ana iya ƙara salon rubutu kyauta, kamar Amiri, mai kama da bugun littattafan Misira. Ƙungiyar SIL kuma ta yi wasu biyu domin ajamin ƙasashenmu: Harmattan, da Alkalami wanda aka zana bisa salon rubutun hannu na yankin Kano. Wanda ya tashi da allo da tawada, da ya gan shi zai gane shi. Shawara ɗaya: in za a kai takarda wurin masu buga takardu, a mayar da ita PDF tukuna, don kada rubutun ya hargitse a kwamfutarsu.

Domin sauraren karatun Alƙur'ani da darussan malamai akwai VLC. Domin bincike ba tare da intanet ba akwai Kiwix, wadda ke ba da damar sauke Wikipedia ta Hausa ko ta Larabci ko ta Faransanci sau ɗaya, a riƙa karantawa ko babu data. Da wannan, kwamfuta ɗaya a ofishin makaranta za ta iya zama ƙaramin ɗakin karatu, ta kuma riƙe sunayen ɗalibai da sakamakon jarrabawa.

Akwai kuma maganar birus ɗin nan na kile, wanda ke ɓoye fayiloli ya bar gajerun alamomi a madadinsu, wanda ake yawan kwasowa a wuraren buga takardu. An rubuta shi ne domin Windows, saboda haka ba ya aiki a Linux. Sau da yawa ma in aka soka kile mai cutar a Linux, za a ga fayilolin da aka ɓoye suna nan, a kwashe su, a goge na birus ɗin. Amma wannan ba ya nufin an tsira daga komai. Wanda ya ba ɗan damfara kalmar sirrinsa ko lambar asusun kuɗinsa na waya, babu manhajar da za ta cece shi.

Abin da ba za ta iya ba

Gaskiya ɗaya ce: Linux tana rage kaya ne, ba ta ƙara wa jaki ƙafa. Kwamfuta mai RAM giga 2 za ta yi rubutu, karatu, sauraro da ɗan bincike lafiya lau. Amma shafukan intanet na yau suna da nauyi ko a wace manhaja aka buɗe su. In aka buɗe YouTube da Facebook da WhatsApp da wasu shafuka goma a lokaci guda, za ta tsaya cik. A riƙa buɗe biyu ko uku, a rufe wanda aka gama da shi. Haɗa bidiyo mai nauyi da manyan wasanni kuwa ba aikinta ba ne.

Haka nan ba ta gyara abin da ya lalace a ƙarfe. In faifai yana ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa, ya kusa mutuwa, sai an canja. In kwamfuta tana kashe kanta bayan ɗan lokaci, galibi zafi ne. Garwa tana cikin garuruwan da suka fi zafi a Kamaru, a watan Maris da Afrilu awo yakan wuce 40, ga kuma ƙurar hunturu da ke toshe fanka. A kai wa mai gyara ya buɗe ya share, ya sabunta man da ake shafawa a kan firosesa. Kada a riƙa ɗora ta a kan katifa ko darduma mai kauri, don suna toshe kafofin iska. Tebur ko faffaɗan katako ya fi.

Wanda ke da ɗan hali, abu biyu ne suka fi canja tsohuwar kwamfuta: sauya tsohon faifai mai juyawa da SSD, da ƙara RAM. SSD kaɗai kan sa kwamfutar da ke ɗaukar mintuna kafin ta tashi ta tashi cikin daƙiƙu. Sai dai a ƙananan na'urori da yawa RAM da ajiya a like suke, ba a canja su, don haka a tambayi mai gyara kafin a sayi komai.

Kammalawa

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce mu fara da kile ɗaya da kwamfuta ɗaya wadda mai ita ya yarda, mu yi gwajin da ba ya goge komai, mu ga abin da zai yi da wanda zai ƙi. Wanda ya iya ya koya wa na kusa da shi, har da 'yan'uwanmu mata, don aikin ba ya buƙatar ƙarfi, natsuwa kawai yake so da karanta abin da ke kan sikirin kafin a danna. Iyayenmu kuma, muna roƙon duk mai irin wannan kwamfuta a ajiye kada ya bayar da ita ga masu sayen tsohon ƙarfe kafin a gwada ta. In ba a buƙatarta a gida, makaranta tana buƙata.